Asirinka a Wayar Wani

 Yau zancenmu a kan bayanan sirri ne, da yadda na'urori masu koyo, waɗanda ake yi wa laƙabi da ƙirƙirarriyar basira, suka sauya hanyar da asirin mutum ke tonuwa. Ina roƙon wanda wayarsa ke kusa ya jawo ta, domin kafin mu rabu akwai abin da za mu duba a cikinta tare.

Da yawa daga cikinmu sun taɓa samun wani irin saƙo. Lamba ce baƙuwa, ta ambaci sunan ɗan'uwanka ko abokin aikinka, ta ce ya ci bashi ya ƙi biya, ta kira shi ɗan damfara, wani lokaci har da hotonsa. Kai ba ka ci bashi ba, ba ka tsaya wa kowa ba, ko sunan kamfanin ba ka taɓa ji ba. To ina suka samo lambarka? A wayar wanda ya ci bashin. Ranar da matsi ya sa ya sauke manhajar yana neman naira dubu goma ko ashirin, an nemi ya ba da izinin shiga jerin lambobinsa, ya danna ya amince. A wannan dannawa guda ya miƙa lambar surukinsa, da ta limamin unguwarsu, da ta maigidansa a wurin aiki, da taka. A watan Agustan 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta Najeriya, NITDA, ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 saboda irin wannan aika-aika. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu masu ba da bashi ta waya a Legas. Daga ƙarshen Mayun 2023 kuma Google ya hana manhajojin bashi da ke rumbunsa taɓa lambobin mutane da hotunansu.

Wannan tozarci ne na fili, kowa ya gan shi, kowa ya yi Allah wadai. Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba a gani, wanda ake yi shiru ba tare da an turo wa kowa saƙo ba.

Bari mu fara da yadda na'urar ke koyo, don a nan maganar take. A da, kwamfuta sai an rubuta mata umarni dalla-dalla: in kin ga kaza, ki yi kaza. Yanzu misalai ake tara mata, dubbai ko miliyoyi. A ce mata ga mutanen da suka biya bashi, ga waɗanda suka gaza, ga kuma duk abin da aka sani game da su: irin wayar da suke riƙewa, yawan katin da suke sakawa, saƙonnin banki da ke shigo musu, wuraren da suke zuwa. Ita da kanta za ta lalubo alamomin da suka raba waɗannan da waɗancan. Gobe idan ka zo, ba ta buƙatar ka gaya mata halinka. Za ta dubi alamominka ta ajiye ka a rukunin da ka fi kama da shi, ta yanke hukunci a kanka.

Mutanen karkara sun san mai bin sawu. Idan aka yi sata, zai dubi ƙasa ya ce mutum biyu ne, ɗaya yana ɗingishi, sun ɗauki kaya mai nauyi, kuma da asuba suka wuce. Babu wanda ya ba shi labari, a ƙasa ya karanta. Haka na'urar take, sai dai shi sawu ɗaya yake bi kuma iska na share shi, ita kuwa sawun miliyoyin mutane take dubawa a lokaci guda, kuma sawun da aka bari a waya ba ya gogewa da kansa.

Kada a ɗauka zuzutawa nake yi. A shekarar 2013 wasu masu bincike uku, Michal Kosinski da David Stillwell da Thore Graepel, suka fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi da mutum kusan 58,000 a Amurka, waɗanda suka ba da bayanansu bisa son ransu. Abin da aka duba kawai shi ne shafukan da suka danna wa alamar so a Facebook: waƙa, fim, abinci, wasanni. Daga wannan kaɗai na'ura ta iya bambance baƙar fata da farar fata da daidaiton kashi 95 cikin ɗari, ta bambance magoya bayan manyan jam'iyyun ƙasar biyu da kashi 85, ta bambance Musulmi da Kirista da kashi 82. Mutanen nan ba sai sun rubuta addininsu ko jam'iyyarsu ba. Ƙananan abubuwan da ba su ɗauka a bakin komai ba su ne suka faɗa.

Shekara guda bayan haka, wani malami a Jami'ar Cambridge mai suna Aleksandr Kogan ya ƙirƙiri wata manhaja ta tambayoyin gane hali. Mutum kusan 270,000 suka yi amfani da ita. Amma a lokacin tsarin Facebook yana barin manhaja ta kwashi bayanan abokan wanda ya shiga, ba nasa kaɗai ba. Da haka bayanan mutum har miliyan 87, a ƙiyasin Facebook ɗin kansa, suka fita, aka kuma miƙa wa kamfanin Cambridge Analytica mai aikin tallata 'yan siyasa. Ku auna tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu. A duk mutum ɗaya da ya danna ya amince, akwai wasu ɗari uku da wani abu da ba a ko tambaye su ba. Asirin ya tonu a watan Maris na 2018, bayan da wani tsohon ma'aikacin kamfanin, Christopher Wylie, ya yi magana da 'yan jarida. Kamfanin ya rufe a wannan shekarar, a 2019 kuma hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta ci tarar Facebook dala biliyan 5.

Kuma sunan Cambridge Analytica ya ratso har gida. Jaridun Guardian da Observer na Birtaniya sun ruwaito cewa wani attajiri ya ɗauki hayarsa don yin aiki a zaɓen shugaban ƙasar Najeriya na 2015, aikin da ya haɗa da yaɗa bidiyo na tsoratar da masu zaɓe. Masana na jayayya har yau a kan ko dabarun kamfanin sun taɓa sauya sakamakon wani zaɓe, kuma akwai masu ganin cika baki ya fi yawa a harkarsa. Wannan jayayya tana da muhimmanci, amma ba ta wanke komai ba. An ɗebi bayanan mutane ba da saninsu ba, ta hannun abokansu, kuma a kan wannan babu gardama.

Wannan shi ne abin da nake so ya zauna mana a rai yau. Asirinka ba a hannunka kaɗai yake ba. Kana iya zama mutum mai kamewa, ba ka Facebook, ba ka TikTok, wayarka ma ƙarama ce mai madannai. Duk da haka lambarka tana cikin wayoyin mutum ɗari, hotonka yana cikin hotunan bikin ƙanwarka, sunanka yana cikin jerin da aka tura dandalin WhatsApp na ƙungiyar unguwa. Haka kai ma, asirin mutane da yawa yana aljihunka. Iyayenmu sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, suna nufin mutum ya iya riƙe maganar da aka ba shi amana. Yau rabin abin da ake ba mu amana ba a ciki yake zama ba, a waya yake zama.

Kamfanoni da hukumomi suna da amsa guda da suke yawan bayarwa: ai mun cire sunaye. Mu duba ko cire suna ya wadatar.

A shekarar 1997 hukumar inshorar ma'aikatan jihar Massachusetts a Amurka ta ba masu bincike bayanan jinyar ma'aikata, bayan ta goge sunaye da adireshi. Gwamnan jihar, William Weld, ya tabbatar wa jama'a cewa asirinsu a rufe yake. Wata ɗaliba mai suna Latanya Sweeney ta sayi rajistar masu zaɓe ta garin da gwamnan ke zaune a kan dala 20, ta haɗa ta da bayanan asibitin ta hanyar abubuwa uku da aka bari: ranar haihuwa, da jinsi, da lambar gidan waya ta unguwa. Ta zaƙulo bayanan jinyar gwamnan kansa, ta aika masa ofis. Daga baya ta nuna cewa abubuwan nan uku sun isa a ware kashi 87 cikin ɗari na Amurkawa ɗaya bayan ɗaya.

Wanda ya fi kusa da rayuwarmu shi ne na wurin da mutum yake. Duk lokacin da ka yi kira ko ka tura saƙo, kamfanin layi ya san turken sadarwar da ke kusa da kai. A 2013 Yves-Alexandre de Montjoye da abokan aikinsa suka yi nazarin irin waɗannan bayanai na mutum miliyan ɗaya da rabi, na tsawon wata 15, babu suna ko ɗaya a ciki. Suka gano cewa in aka san wurare huɗu da mutum ya je da lokutan da ya je, an ware shi daga cikin taron a kashi 95 cikin ɗari na lokuta. Wurare huɗu, jama'a. Gidan da kake kwana, shagon da kake wuni, masallacin da kake Juma'a, da asibitin da kake zuwa duk ƙarshen wata wanda ko 'yan'uwanka ba ka gaya wa ba. Mutum nawa ne a garinku suka haɗa waɗannan huɗun in ba kai ba?

Yanzu mu zo kan fuska. A watan Janairun 2020 jaridar New York Times ta fallasa wani kamfani mai suna Clearview AI, wanda ya kwashe hotuna sama da biliyan 3 daga shafukan sada zumunta da sauran sassan intanet, ya koya wa na'urarsa gane fuskoki, yana sayar wa 'yan sanda. A ɗauki hotonka a titi, a saka, sauran hotunanka su fito tare da shafukan da suke. A 2022 Italiya da Girka da Faransa kowacce ta ci tararsa yuro miliyan 20. Na'urorin nan kuma suna kuskure, kuskuren ya fi faɗawa kan masu fata irin tamu. Joy Buolamwini, wadda iyayenta 'yan Ghana ne, tare da Timnit Gebru, sun gwada manhajojin wasu manyan kamfanoni uku a 2018. Wajen tantance namiji ne ko mace, kuskure a kan fararen maza bai kai kashi 1 cikin ɗari ba, amma a kan mata baƙaƙe ya kai kusan kashi 35. 'Yan sandan birnin Detroit sun kama wani bawan Allah baƙar fata, Robert Williams, a ƙofar gidansa gaban matarsa da 'ya'yansa mata biyu, aka tsare shi kusan awa 30 kan satar agoguna da bai yi ba, saboda na'ura ta ce fuskarsa ce.

A Kenya kuwa, a 2023, jama'a sun yi dogayen layuka a Nairobi suna ba wa kamfanin Worldcoin hoton ƙwayar idonsu, ana ba su kuɗin intanet da darajarsa ta kai kimanin shilin 7,000. Gwamnati ta dakatar da aikin a farkon Agusta, a 2025 kuma babbar kotu ta ba da umarnin a goge abin da aka tara. Ba na zargin wanda ya shiga layin nan. Mai iyali da babu abin cefane a gidansa ba ya da sararin tunanin shekara goma masu zuwa. Laifin na wanda ya ga yunwar ya yi ciniki da ita ne. Lambar sirrin banki in ta fita ana canza ta cikin minti biyar. Ido da fuska da zanen yatsa, wanda Allah ya ba ka shi ke nan har ƙarshen rayuwa.

Sai manhajojin hira irin su ChatGPT, waɗanda matasanmu suka runguma. An koyar da su ne da ɗimbin rubutun da aka tattaro daga intanet. A ƙarshen 2020 Nicholas Carlini da wasu masu bincike suka nuna cewa za a iya tatso sunayen mutane na gaskiya da lambobin waya da adireshin imel daga wata irin wannan na'ura mai suna GPT-2, domin ta haddace su lokacin koyo. Goge suna daga rajista abu ne mai sauƙi. Cire abin da na'ura ta riga ta koya kuwa yana da wuya ƙwarai, shi ya sa a wasu shari'o'i hukumar kasuwanci ta Amurka ta umarci kamfanoni su rushe na'urar gaba ɗaya, ba bayanan kawai ba. Don haka ma'aikacin jinya da ke liƙa sakamakon gwajin mara lafiya da sunansa a manhajar hira don ta yi masa bayani, da sakataren da ke zuba mata takardun ofis don ta gyara masa Turanci, su san cewa sun fitar da takardun nan daga ɗaki.

Kada wani ya fahimce ni da cewa a guji wannan fasaha. Muna buƙatarta. Muna son na'urar da za ta ji Hausa ta amsa da Hausa, wadda manomi zai nuna wa ganyen masararsa ta gaya masa cutar da ta kama shi, wadda za ta taimaka wa likita ɗaya da ke duba garuruwa goma. Duk wannan ba ya yiwuwa sai da bayanai, har da muryoyinmu da rubutunmu. Kuma akwai hanyoyin yi ba tare da an tsiraita mutane ba. Tun 2017 Google ya bayyana dabarar da madannan rubutunsa na Gboard ke koyo a cikin wayar mutum, ba tare da an kwashe abin da ya rubuta zuwa rumbun kamfani ba. A ƙidayar jama'a ta 2020 Amurka ta yi amfani da wata dabarar lissafi da ke cuɗa 'yar hayaniya cikin alƙaluma, yadda za a ga hoton gari amma ba za a iya zaro mutum ɗaya ba. Dabarun suna da tsada, suna kuma rage kaifin sakamako kaɗan. Shi ya sa mai neman riba ba ya ɗaukarsu sai doka ta tilasta masa ko jama'a sun matsa.

Dokar kuwa akwai ta. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da hirarsa ta waya. A watan Yunin 2023 aka sa hannu kan dokar kare bayanai, wadda ta kafa hukumar NDPC. Ghana tana da tata dokar tun 2012, Nijar tun 2017. Dokar Najeriya ta ba ka damar tambayar kamfani me ya tara a kanka, ka sa a gyara kuskure, ka nemi a goge, ka janye amincewar da ka bayar a baya. Ta kuma ba ka damar ƙin yarda da babban hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke a kanka, ka nemi ɗan'adam ya sake dubawa. Idan aka yi kutse a rumbun kamfani ta yadda jama'a za su cutu, wajibi ne ya sanar da hukuma cikin awa 72. An fara cizawa ma: a Yulin 2024 FCCPC ta ci tarar Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220, kotun sauraron ƙorafi ta tabbatar da tarar a Afrilun 2025.

Amma akwai giɓi babba, kuma mu ya fi shafa. Dokar ta dogara sosai a kan amincewa. Wace irin amincewa ce dattijuwa ta yi, wadda yaron shago ya saita mata waya, ya danna mata amincewa a kan shafuka ashirin na Turancin lauyoyi da shi kansa bai karanta ba? A wurina wannan ba yarda ba ce. Kamfanin da ke cin riba a Kano da Sakkwato da Maraɗi ya kamata a tilasta masa ya yi bayaninsa da Hausa, a taƙaice, har da murya don wanda ba ya karatu. Wannan kira ne ga hukuma da 'yan majalisarmu, ba abu ne da ya gagara ba.

Kafin a kai can, akwai namu. Wanda wayarsa ke hannu ya shiga wurin saituna, ya nemi sashen izinin manhajoji, ya ga waɗanne ne ke iya karanta lambobinsa, waɗanne ke sauraron makirufo, waɗanne ke bin inda yake. Manhajar tocila ko ta wasa ba ta da hurumi da jerin lambobinka, a kashe mata. Wanda zai sayar da waya ko ya kai gyara ya fara kwashe hotunan iyalinsa. Fom ɗin tallafi da ke yawo a WhatsApp yana neman NIN da BVN da ranar haihuwa, a tabbatar daga ina ya fito kafin a cike, lambar sirri da banki ke turowa kuma ba a karanta wa kowa ita, ko da ya ce daga bankin yake kira.

'Yan'uwa masu neman wa marasa lafiya taimako, Allah ya saka muku da alheri, aikin lada kuke yi. Amma takardar asibitin nan da kuke ɗauka hoto, da sunan mutum da cutarsa da fuskarsa, za ta rayu a intanet bayan ya warke, bayan ya zo neman aure ko neman aiki. A tambaye shi tukuna, a rufe abin da ba dole ba ne a gani. Iyaye mata, hoton yaro da kayan makarantarsa da bajen makarantar a ƙirji ya gaya wa baƙo inda zai same shi da ƙarfe biyu na rana. Masu shagunan kwamfuta da masu POS da masu saita waya, ku ne kuka fi kowa riƙe asirin talakawa a yau. Takardar NIN da abokin ciniki ya bari kada ta kwana a kwamfutar shago, kuma in dattijo ya kawo waya, a gaya masa da Hausa abin da ake shirin danna masa kafin a danna.

Wanda kuma kamfanin bashi ya tozarta, ko aka turo masa saƙon tozarta wani, kada ya goge saƙon, kada kuma ya tura shi gaba. Ya ɗauki hoton allon da lambar da ranar, ya rubuta sunan manhajar, ya kai ƙorafi ga FCCPC ko NDPC, dukkansu suna karɓa ta intanet. Bashin da ke kan mutum dole ya biya, amma bashi bai ba kowa ikon shiga lambobin wayarsa ya kira surukansa ba, kuma da irin waɗannan ƙorafe-ƙorafen ne aka kai ga tarar Soko Lending da muka ambata.